Sunan Yanka a Kan Tikiti

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana huɗu wa'adin da Baba ya ɗiba ya cika, Firdausi na zaune a ɗakin malamai ta tasa waya a gaba kamar mai jinya. Littattafan 'yan aji uku na nan jibge a gefenta tun makon jiya, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Duk wanda ya shigo ya gaishe ta, da ka take amsawa.

Mako shida ke nan ba ta da wani aiki sai wannan. Da asuba ta duba, da rana ta duba, ko tuwo take tuƙawa wayar tana kan turmi kusa da ita. Abu ɗaya take nema: tikitin jirgi mai sauƙin kuɗi wanda zai ɗauko Kalilu daga Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya, ya dire shi a Najeriya kafin Juma'a.

Kalilun nan ɗan Malam Audi ne, wani manomi a Babban Mutum. A bikin ƙanwarsa suka haɗu, ita ƙanwar ƙawar Firdausi ce tun sakandare. Da ya samu gurbin ƙaro karatun injiniya, shekara biyu ya ce zai yi. Yau ga shi ana cikin ta huɗu, karatu ya ja, kuɗin da ake ba shi kuwa daga na haya sai na shinkafa. Ko sau ɗaya bai taɓa leƙo gida ba.

Shi kuwa Alhaji Amadu, mahaifin Firdausi, haƙurinsa ya ƙare. Wata safiya, mako shida da suka wuce, ya kira ta zaure, ya nuna mata gefen tabarma.

"Firdausi, shekarata talatin da ɗoriya ina sana'ar shanu. Kin taɓa jin na sayi saniya a waya?"

"A'a, Baba."

"Sai na zagaya ta, na buɗe bakinta, na ga tafiyarta. To saniya ke nan fa, balle mutumin da zan ɗauki 'yata in ba shi. Yaron nan muryarsa kawai nake ji daga sallah sai sallah. Ni ba na cinikin biri a sama."

"Baba, ya ce in ka yarda iyayensa su zo a ɗaura, in ya kammala sai..."

"Kul!" Ya ɗaga mata hannu. "Kada ki ƙarasa. Leƙa tsakar gida ki gaya mini wa kika gani."

Ba sai ta leƙa ba. Yayarta Maimuna ce a can tana wanke-wanke. Ita ma haka aka ɗaura nata auren, wakili ya karɓa, ango yana Libiya yana cewa wata mai zuwa. Shekara bakwai Maimuna ta yi tana jiran wata mai zuwa, ita ba ga aure ba ita ba ga zawarci ba, ƙarshe saki ya iso mata a saƙon murya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ni dai wallahi ban ga laifin dattijon nan ba.

"Ga maganata," in ji Baba. "Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban, kafin in kira la'asar a masallacin ƙofar gidan nan, ya zo da ƙafarsa ya zauna a kan tabarmar nan. In ya zo, a ranar zan ba shi. In bai zo ba na rufe babinsa. Dole kam ba zan yi miki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ki tuna Yazid shekara biyu yana sallama a ƙofar nan, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗi aibunsa ba."

Yazid ɗan aminin Baba ne, yana da ofishin sayar da tikitin jirgi da harkar Umra a cikin garin Daura. Baba kuwa shi ne ladanin masallacin unguwa tun rasuwar mahaifinsa, da kiransa mutane ke saita agogo.

A lokacin Firdausi gani take mako shida ai kamar shekara ne. Zuciya ta ɗebe ta.

"Zai zo, Baba. In bai zo ba ka ba ni Yaya Yazid, na amince."

Ya dube ta ya daɗe. "Da bakinki kika faɗa."

"Da bakina."

Sai da aka zo neman tikiti ta san magana zarar bunu ce. Farashin da ta fara gani sai da ta cire tabarau ta goge ta mayar. Kalilu ya turo ɗan abin da ya tara, ita ta haɗa da albashinta, ta kuma sa aka kai karsanarta kasuwar Mai'aduwa a ɓoye. Wai a ɓoye! Ran nan Baba ya dawo yana wanke ƙafa, bai ko kalle ta ba ya ce, "Na ga karsanarki ana loda ta a tirela. Ta yi kuɗi?"

"Ta yi, Baba."

"To Allah ya sa albarka." Bai ƙara ba.

A mako shidan nan Firdausi ta zama malamar tikiti. Ta gane jirgin Talata da Laraba ya fi na ƙarshen mako sauƙi. Ta gane mai sauka Abuja ya fi mai sauka Kano samun rangwame, wanda kuma ya yarda ya yini ya kwana a kan kujerar ƙarfe a filin jirgin wata ƙasa yana jiran na biyu, nasa ya fi na kowa araha. Ta gane in ka haƙura da babbar jaka ana rage maka wani abu. Abin da ya gagare ta ganewa shi ne yadda kuɗin safe daban na yamma daban. Ga azumi ya ƙarato, kullum abin sama yake yi, abin da ke hannunta kuma yana nan inda yake.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na wannan Litinin ɗin ta sake taɓa wayar, ba don tana sa rai ba. Sai ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Tashi daga Kuala Lumpur ranar Laraba, jiran awa goma sha bakwai a Doha, sauka Abuja Alhamis da safe. Kuɗin ya yi daidai da abin da ta tara, har da ragowar na mota zuwa Daura. A ƙasa an rubuta da ja cewa saura kujera ɗaya. Da ta danna, shafin ya ce ya riƙe mata ita na minti ashirin.

Ta kira Kalilu, ba a ɗauka ba. A can biyar na yamma ta wuce, yana ɗakin gwaje-gwaje inda ake kulle wayoyi a akwati sai shida ake buɗewa. Kira huɗu ta jera. Da ta dawo kan shafin, saura minti goma sha ɗaya.

Ta fara cikewa. Ranar haihuwarsa ta san ta kamar tata. Lambar fasfo an ce ana iya sawa daga baya. Sai wajen suna, an ce a rubuta kamar yadda yake a fasfo.

Ta rubuta Kalilu. Sai ta dakata.

Yo wane Bahaushe ne bai san Kalilu laƙabi ba ne? Duk Kalilu Ibrahim ne, kamar yadda duk Kulu Hauwa ce. Da kunnenta ta ji mahaifiyarsa tana cewa sunan surukinta aka mayar masa, Malam Ibrahim, shi ya sa ake sakaya shi da Kalilu. Takardar hukuma kuwa ai sunan yanka ake sa mata, ba sunan da ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo ba. Firdausi ta dafe ƙirji ta yi hamdala da Allah ya tunatar da ita. Ta goge, ta rubuta Ibrahim Audi, ta tura kuɗin saura minti uku.

Da takardar tikitin ta shigo wayarta, kifa kanta ta yi a kan tebur tana kuka, har wata malama ta zo tana tambaya ko rasuwa aka yi. Ta tura masa, ta fita bayan azuzuwa gindin darbejiya tana jiran kiransa.

Sha ɗaya da kwata ya kira.

"Firdausi! Alhamdu lillahi! Yaya aka yi kika samo wannan? Laraba fa! Wallahi ni da na fara fid da..." Sai ya yi ɗif.

"Malam? Kana ji na?"

"Ina jin ki." Muryarsa ta sauya. "Firdausi, wane ne Ibrahim Audi?"

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Ji wata tambaya. Kai mana."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mene ne? Don Allah mene ne?"

"Ranar da aka kai ni firamare a Babban Mutum, hedimasta ya ce yaro yaya sunanka, na ce Kalilu, don ban taɓa jin an kira ni da wani suna ba. Ya rubuta Kalilu Audi. Shi ya bi ni sakandare, ya bi ni jami'a, shi ne a fasfo ɗina. Ibrahim ranar suna kawai aka faɗe shi, bai taɓa hawa takarda ba."

"To ai duk ɗaya ne! Kai ne Ibrahim, kai ne Kalilu. Ka yi musu bayani mana."

"Wa zan yi wa? Mutumin da ke bakin kantar filin jirgi a nan ina ya san Hausa, ina ya san kunyar sunan suruki? Zai ga Ibrahim a tikiti, ya ga Kalilu a fasfo. A wurinsa mutum biyu ne."

Firdausi ta sulale ta zauna a ƙasa da fararen kayanta.

"Na kashe mu, Malam. Da hannuna. Na rubuta daidai fa, na rubuta Kalilu, ni na goge!"

"Ki daina faɗin haka. Laifina ne, shekara nawa ban taɓa tura miki hoton fasfo ɗin ba. Ki yi shiru, don Allah ki yi shiru, kukanki ya fi tikitin ƙona mini rai." Shi ma kukan yake yi, tana jin yadda yake jan hanci.

Yinin Litinin da safiyar Talata a kiran masu shafin suka ƙare, ita daga nan shi daga can. Amsa ɗaya ce, cikin ladabi mai ban haushi. Harafi biyu ko uku ana gyarawa, amma suna sukutum ba a sauyawa. Tikiti mai rangwame kuma ba a mayar da kuɗinsa, an rubuta a sharuɗɗan da ta amince da su. Ita ko ganin sharuɗɗan ba ta yi ba. Araha dai ba ta ado.

Talata bayan la'asar ta durƙusa gaban Baba ta zayyana masa komai. Ya saurare ta har ƙarshe, yana jan carbi.

"Na ji, kuma Allah ya sani na tausaya miki. Niyyarki mai kyau ce."

"To Baba a ƙara masa ko mako biyu ne. In na karɓi albashi..."

"Firdausi, na riga na gaya wa mahaifin Yazid rana, a gaban mutane. Ni in na ce na sallama, ko ninki aka ƙara mini ba na tayar da ciniki. Kin san haka tun kina goye." Ya kau da kai gefe. "Tashi ki shiga gida."

A ɗaki ta faɗa jikin Maimuna. Maimuna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗago ta.

"Gobe da safe ki je wajen Yazid."

Firdausi ta zaro ido. "Yaya! Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani sarai. Duk Daura wa ya fi shi sanin kan jirgi?"

"In je in ce masa me? In ce ya taimaka ya kawo wanda zai raba shi da ni? Da wane idon zan kalle shi?"

"Da idon da kike kuka da shi." Maimuna ta riƙe kafaɗunta. "Ni shekara bakwai ina zaune ina jin kunya. Kunyar in tambaya, kunyar in kai ƙara, kunyar a ce na ƙosa. Gaya mini abin da kunyar ta tsinana mini. In ya ƙi, ba ki rasa abin da kike da shi ba. Amma in kika zauna, har ki mutu kina cewa da na je."

Laraba ƙarfe tara ta tsaya a ƙofar ofishin, sai da ta yi kamar ta juya sau biyu. Yazid na zaune bayan kwamfuta, dogo ne mai sanyin magana, farin gilashi a idonsa. Da ya gan ta ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Malama Firdausi? Yau ke ce a ofishina? Bismillah, ga kujera."

Ta zauna a bakin kujerar. Gaisuwar ma da ƙyar ta fita. Ta miƙa masa wayar, ta faɗi abin da ya faru kanta a sunkuye. Tana magana fara'arsa na janyewa kaɗan-kaɗan.

Ya duba tikitin ya daɗe, sannan ya ajiye wayar.

"Wannan ya mutu. Ba ta hannuna aka saya ba, ba ni da ikon taɓa shi. Ko ta hannuna ne ma, Ibrahim ba ya komawa Kalilu."

"Na sani, Yaya Yazid. Cewa na yi ko akwai wata hanya."

"Hanyar me?"

Ta shiga murza gefen mayafinta.

"Ki faɗa mana. Ina so in ji da kunnena."

"Hanyar da zai iso kafin la'asar ɗin Juma'a."

Ya cire gilashin ya ajiye, ya murza idanunsa. "Firdausi, kin san abin da kika zo roƙo na? Shekara biyu ina zuwa ƙofar gidanku. In zo ki fito da waya a hannu, ina magana kina duba ko ya turo saƙo. Ban taɓa yi miki ƙorafi ba. Jibi ne kaɗai ranar da na taɓa sa rai a kanta, har mahaifiyata ta sa an sayo goro. Shi ne kika tako har inda nake ki ce in ɗauki wuƙa in miƙa miki wuyana?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Ka yafe mini. Wallahi ba raini ba ne. Ba ni da kowa ne."

"Da ma kin ce raini ne, da ya fi mini sauƙi."

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Na gode. Allah ya huci zuciyarka."

Har ta kai ƙofa ya ce, "Dawo ki zauna."

Ya mayar da gilashin, ya jawo kwamfutar. Kusan rabin awa yana danna maɓallai. Wani lokaci ya yi tsaki, wani lokaci ya rubuta wani abu a takarda ya soke. Ya gwada ta Legas, ya gwada ta Yamai, ya gwada a raba tafiyar gida biyu. Duk wanda ya fito, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin mai hankali, ko kuma Asabar zai sauka.

"Saura ɗaya," ya ce a ƙarshe. "Tashi gobe Alhamis, ta Addis Ababa, sauka Kano Juma'a ƙarfe ɗaya saura. Na kuɗi ya ninka wanda kika saya. Amma suna da kujera ɗaya ta maki."

"Maki?"

"Duk tafiyar da mutum ya yi da su suna tara masa maki, in ya taru sai ya karɓi kujera da shi. Nawa na shekara uku yana nan ban taɓa ba." Ya ɗan murmusa, murmushin da ya fi kuka ciwo. "Cewa na yi in na yi aure in kai amaryata Umra da shi."

"A'a, Yaya Yazid. A'a, ba zan iya karɓa ba."

"Ba ke zan ba ba, shi zan ba. Kuma ki saurare ni da kyau, kada ki ɗauka janyewa na yi. Ban janye ba. Jibi ina zauren Baba da iyayena. In ya iso kafin kira, Allah ya ba ku zaman lafiya. In bai iso ba, ina nan a kan bakana, ke ma kina kan naki. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna da mace tana kallona tana cewa a ranta kuskuren suna ne ya ba ni ita. Ki ce ya turo hoton fasfo ɗinsa yanzu. Ni ba na yanka tikiti da ka."

Hoton ya shigo. Yazid ya kwafe sunan harafi bayan harafi, ya juyo mata da fuskar kwamfutar ta gani, sannan ya danna. Ta buɗe baki za ta yi godiya ya ɗaga mata hannu.

"Je ki, Firdausi. Don Allah je ki."

Ta fito tana kuka, wannan karon ita kanta ba ta san wanda take yi wa ba.

Ranar Juma'a tun safe aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi. Ɗaya da minti biyar wayarta ta yi ƙara, lambar Najeriya.

"Na sauka! Firdausi, ina Kano! Ba ni da kaya sai 'yar jakar hannu, ga ni na fito, na ɗauki shatar mota."

Maimuna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Daga Kano zuwa Daura awa biyu ne da 'yan kai, la'asar kuwa sai huɗu. Lokaci har ya yi yawa.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinsu, har da Yazid mai lissafin jirage, shi ne ranar Juma'a ce, kuma Kano ce. Ba su yi nisa da filin jirgi ba suka tarar an datse titi, sahu ya fito daga masallaci ya cinye kwalta gaba da baya. Direba ya kashe mota ya ɗauko dardumarsa. Kalilu ma ya bi sahu, me zai yi? Kafin a idar, jama'a su watse, motoci su warware, biyu ta wuce.

"Mun fita daga gari," ya ce mata.

Uku da kwata ya ce sun wuce Kazaure.

A zaure baƙi sun hallara. Ta tagar ɗakin Maimuna ana hango ƙofar masallaci da bakin zauren. Firdausi ta ga mahaifin Yazid da ƙannensa biyu, ta ga ƙullin goro a gefe. Ta ga Malam Audi, wanda ya taso tun daga Babban Mutum a kan babur, yana zaune a rakuɓe, idonsa a kan hanya. Yazid na can ƙarshen tabarma kansa a ƙasa.

Huɗu saura minti biyar Baba ya miƙe ya ɗauki buta.

"Malam, kuna ina?"

"Sandamu. Mun wuce Sandamu yanzun nan. Direba, don girman Allah ka taka!"

"Baba ya ɗauki buta."

"Kada ki kashe wayar. Ki bar ta a kunne."

Baba ya tsuguna ya yi alwala a natse, gaɓa bayan gaɓa. Ya gama, ya miƙe, ya dubi hanya. Daga can cikin gari wani masallaci ya ɗauki kira, wani ya amsa, wani ya amsa. Baba ya shiga masallaci ya kunna lasifika, aka ji ya ƙwanƙwasa ta da yatsa sau biyu. Sai kuma shiru.

Sai ga shi ya fito. Ya sake ɗaukar butar, ya sake tsugunawa, ya faro alwala daga farko.

Maimuna ta toshe bakinta da mayafi. "Firdausi, kin ga Baba? Wallahi tun da nake ban taɓa ganin ya maimaita alwala ba."

Mutanen unguwa da suka taru suka fara duban agogo suna duban juna. Huɗu da biyar. Huɗu da goma. Baba yana wanke ƙafar hagu kamar wanda ya taka kwata. Mahaifin Yazid ya yi gyaran murya, Yazid ya dafa gwiwar mahaifin nasa.

"Mun shigo gari," in ji Kalilu, numfashinsa sama-sama. "Wata tirelar shanu ta tare kwanar, na sauka, da ƙafa nake gudu. Ta ina zan bi? Shekara huɗu, duk an yi gine-gine!"

"Ka bi ta gefen mai injin markaɗe, ka yi dama! Dama!"

Liman, wani tsoho mai sanda, ya matso kusa da Baba. A hankali ya yi maganar, amma unguwar ta yi tsit har ɗaki aka ji.

"Alhaji Amadu, lokaci ya shiga tun ɗazu. Jama'a na jira."

Baba ya ajiye butar. Ya dubi bakin layi, babu kowa sai awaki. Ya juyo ya dubi tagar da ya san 'yarsa na bayanta, idanunsa jawur.

"Gaskiya ne, Malam," ya ce. "Sallah ba tawa ba ce."

Ya shiga.

"Allahu Akbar, Allahu Akbar!"

Muryar ta fito tana rawa, ta cika unguwa. Firdausi ta runtse ido, wayar manne a kunnenta. Kiran sau biyu take jin sa, ɗaya ta taga, ɗaya a cikin wayar, tare da ƙarar takalmin da ke gudu.

Takun ya ragu. Ya ragu. Ya tsaya.

"Firdausi," in ji Kalilu, da wata ƙaramar murya kamar ta yaro. "Wannan muryar Baba ce?"